Ba Zan Ɗora Sunana a Kan Naki Ba

Zuwa ga sanyin idona, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, ruwan farko bayan dogon zafi, matata kuma maƙwabciyar teburina,

Ina gaishe ki gaisuwar mutumin da gida ya yi wa faɗi. Ya jikin Baba? Yayarki ta ce ya fara zama da kansa, har yana yi wa ma'aikatan jinya faɗa a kan shayi marar sukari. Na ji daɗi, don wanda ya samu ƙarfin faɗa ya kama hanyar sauƙi. Allah ya ƙara masa lafiya, ke kuma ya ba ki ladan kwana a kujerar asibiti.

Na so in cika takardar nan da kewarki kaɗai, amma yau na fito daga ofis raina a ɓace, kuma wa nake da shi da zan amayar wa abin da ke cikina in ba ke ba?

Kin tuna gardamar da ake yi kafin ki tafi, a kan yadda za a riƙa cusa suna ko lamba a tsakiyar jimla a harshen kwamfutar da muke ginawa? An yanke hukunci. Alamar dala da muka saba da ita ta tafi, yanzu karkatacciyar sanda ce da baka biyu. Ni ko ƙaho suka ce a sa, bai dame ni ba. Sai dai kin fi kowa sanin inda tsohuwar alamar ta yi gida, wato cikin gwaje-gwajen da muke auna manhajar fassararmu, kwamfaila, da su, mu ga ko tana fassara wa na'ura rubutunmu daidai ko shirme take yi. Kusan duka ke kika rubuta su. Yanzu sun koma ja gaba ɗaya a kan allo, alamar sun faɗi, kuma ba za su sake zama kore ba sai an bi su layi-layi an sauya alamar.

Sauyawar ba ta da wuya. Na rubuta 'yar manhajar da za ta gama aikin kafin shayi ya huce. Matsalar tana cikin tarihin aikin, inda kowane layi yake ɗauke da sunan wanda ya taɓa shi na ƙarshe. Duk wanda ya danna maɓallin shigar da sauyin, sunansa zai hau kan layukanki, naki ya nutse can ƙasa inda ba mai leƙawa.

Shugaban sashenmu, Sarkin Turare, ya kira ni ofishinsa bayan taro. Kin san ɗakin, turare ya haɗu da sanyin na'ura har mutum ya rasa ta inda zai shaƙi iska. Yana sakace haƙori da gefen katinsa na shaida, ya dube ni yana murmushi.

"Kai za ka danna, maigida," in ji shi. "Ai duk gida ɗaya ne, nata naka ne."

Na ce masa akwai yadda ake gaya wa tarihin ya tsallake irin wannan sauyin, kowa ya ci gaba da riƙe layinsa. Ya duba abin da ya sakato, ya goge a jikin kujera, ya ce ba mu da lokacin kwalliya.

Da na fito, abokin aikinmu Dogo ya ja ni gefen injin ruwan sha ya fasa mini ƙwan. Wata mai zuwa za a zauna a kan wanda za a sabunta wa kwantiragi, an ce a rage mutum ɗaya, kuma da lissafin sunayen da ke kan layuka Sarkin Turare zai shiga zaman. Har ya riga ya fara gwada bakinsa a gaban manya: "Wadda ba ta nan, me ta rubuta? A nuna mini." Tir da wannan hali. Mace ta tafi jinyar mahaifinta, a rasa hannun da za a share ta da shi sai na mijinta? In ya so gobe a ce ai ba wani ya yi ba, na gida ne. Wallahi tun da na bar ɗakin nake jin turaren a rigata, na wanke hannu ya fi a ƙirga, har yanzu ƙyama ba ta sake ni ba.

Ya hasken safiyata, shi lambobi yake gani a layukan nan, ni kuwa ke nake gani. Ina ganin ranar da fanka ta lalace, kika tuɓe takalmi kika naɗe ƙafa a kan kujera, kina ɓare lemo da hannu ɗaya, kina farautar kuskuren da ke faruwa idan an sa jimla a cikin jimla. Kowa ya haƙura ya ce a bar shi, kika ce ba ki san wannan magana ba. Da allon ya koma kore ba ki yi ko murmushi ba, kika turo mini rabin lemon ba tare da kin kalle ni ba. A ranar na fara tambayar hanyar gidan Baba. Ta yaya zan sa yatsa in shafe wannan yammaci, don wani ya samu abin nunawa a taro?

Ga roƙona. Na tura miki sauyin gaba ɗaya ta akwatinki na aiki, izininki na shigar da sauyi yana nan ba wanda ya taɓa shi. Idan Baba ya samu barcin rana, ki buɗe kwamfutarki ki duba. Na san ba za ki danna ba sai kin karanta, na kuma san sai kin samo mini kuskure, kamar yadda kika saba a ofis da kuma wajen wanke-wanke. Ki gyara, ki danna da hannunki. Gwaje-gwajenki ne, sunanki ya hau kan sunanki.

Idan kuwa ba ki samu sarari ba, kada ki tashi daga gefen Baba saboda wannan, ko na minti ɗaya. Allon ya yi ta zama ja. Ranar Litinin zan shiga ɗakin nan, in toshe hanci, in gaya masa ban yi ba kuma ba zan yi ba. Tunda mutum ɗaya suke nema su rage, ga ni kusa da su. Ya fi mini sauƙi a cire sunana daga ƙofar ofis da in ɗora shi a kan naki.

Naki yau, naki gobe, naki har ranar da hannuna zai daina motsi,

Mijinki.