Ƙamshin Mangwaro a Giyar Luyolo

Litinin, 19 ga Fabrairu

Mariaan ta cire giyata daga gidan abincinta. Famfon zuba giya ɗaya tak take ware wa masu dafa giya na cikin gari, kuma tun ranar da ta buɗe wurin nawa ne. Yanzu na Luyolo ne. Wai baƙi sun fi tambayar tasa. Luyolo fa! Wanda muka fara sana'ar nan tare a garejina, da tukunyar matata. Na ce mata babu komai. Akwai komai.

Laraba, 21 ga Fabrairu

Na aiki matata Jolanda ta sayo min kwalba ɗaya, don kada a gan ni. A jikin kwalbar ya rubuta: "Furen hop na gonakin George zalla." Ina buɗewa ƙamshin mangwaro ya daki hancina. Hop shi ke ba giya ɗaci da ƙamshi, kuma na san na kowace gona a kwarin nan namu na garin George. Babu mai wannan ƙamshin. Na Amurka ne, busasshe, wanda ake shigowa da shi a leda. Biri ya yi kama da mutum.

Jolanda ta kurɓa ta ce, "Kai, Gawie, wannan ai da daɗi." Na ce ƙarya ma ai da daɗi. Ta ce, "Shi ya sa ka shanye ƙaryar tas."

Asabar, 24 ga Fabrairu

Kasuwar Asabar. Layi a rumfar Luyolo har gaban mai gasa nama, ni kuwa ina korar ƙuda. Ga sabuwar a-kori-kura ya ajiye inda kowa zai gani. Ya hango ni ya ɗaga kofi: "Yaya Gawie! Zo ka ɗanɗana, tsoho, kai ba ka biya!" Na ce cikina ba daɗi. Dariyarsa ma haushi take ba ni.

Lahadi, 25 ga Fabrairu

Ban ce wa Mariaan ƙarya Luyolo yake yi ba. Cewa kawai na yi ta tambaye shi a wace gonar George mangwaro ke fitowa a jikin hop. Ta kalli allonta da ta rubuta "Komai namu na gida ne", ta ce, "Ka tabbata?" Na ce hancina bai taɓa cin amanata ba.

Laraba, 28 ga Fabrairu

Magana ta zaga gari. Yau na ci abinci har da ƙari.

Juma'a, 1 ga Maris

Na je gonar Gwaggo Elsabé ɗaukar ɗanyen hop ɗina, tunda girbi ya kankama. Ta ja ni har layin shuka na ƙarshe, can bakin tafki, ta tsinko fure ta ce in murza. Na murza a tafin hannu kamar yadda muke yi, na kai hanci.

Mangwaro.

Ta ce, "Ba ka gane shi ba? Sabon irin nan ne da na fara nuna maka shekarun baya. Ka murza ka ce warin tafarnuwa yake, ka goge hannu a wando." Na tuna. A ƙarshen girbi na zo lokacin, furen ya riga ya wuce. Ai ko sabon shiga ya san hop in ya wuce lokacinsa warin tafarnuwa yake yi. Luyolo kuwa ya zo farkon girbin da ya biyo baya, ya shinshina, ya ce a ajiye masa layin gaba ɗaya.

Sai ta ce, "Wani ɗan banza ne ke yawo da zancen wai yaron nan maƙaryaci ne. Bari in kama shi." Na ce mutane ba su da tsoron Allah, Gwaggo.

A hanyar gida ba kunya ce ta fi cin raina ba. Ni aka fara miƙa wa layin nan. Ni!

Asabar, 2 ga Maris

Mariaan ta kira. Ta rufe famfon Luyolo, ta ce in kai mata gangar giyata ranar Talata. Abin da nake so ke nan, ko ba haka ba? Na tambaye ta me ya ce. Ta ce bai yi musu ba, cewa kawai ya yi, "Ki tambayi Yaya Gawie. Shi ya koya min shinshinar hop, ya san ba na ƙarya."

Lahadi, 3 ga Maris

Na wanke hannu ya fi a ƙirga. Ƙamshin yana nan.

Talata, 5 ga Maris

Na kira Mariaan na ce giyar gangar ta yi tsami. Ba ta yi ba, bana ban dafa kamarta ba. Na ce ta bi ta gonar Gwaggo, layin ƙarshe, ta murza da hannunta, don hancina ya fara tsufa. Ba don Luyolo na yi ba. Ban san don wa na yi ba, kuma kada Jolanda ta tambaye ni.

Har yanzu ina nan kan bakana, zaƙi ya yi wa giyarsa yawa. Kwalbar yau da kaina na je na sayo. Na bi layi.