Siki Mai Lamba Uku

Uwargida Walburga,

Ki taimake ni kafin in aikata abin da ba zai gyaru ba. Shekara ashirin ina aiki a ɗakin karatun garinmu, aikina in ce wa mutane su yi shiru, amma shirun da ke cikin gidana ya fi ƙarfina.

'Yata Priska ta cika sha shida. Tun tana shekara huɗu take kan siki, dogayen allunan nan da ake ɗaurawa a ƙafa a sulala kan ƙanƙara, kuma babban silalom ne tserenta, wanda ake gangarowa daga dutse ana kewaya tutoci. Bana ta fita daga ajin yara, don haka doka ta ce sai dogon siki, santimita 183 ko fiye, irin wanda ba ya juyawa sai an matsa masa. Yarinyar kuwa kilo hamsin da huɗu ce. Nan da mako uku za a yi tseren da za a zaɓi 'yan mata huɗu na tawagar jiha.

Maigidana Egon shekara ashirin da shida yana aikin ƙera siki a masana'antar da ke ƙasan gari. Can babansa ya yi ritaya. Rabin garin nan can suke ci. A wurinmu mutum ya sauya coci ya fi masa sauƙi da ya sauya tambarin da ke ƙarƙashin ƙafarsa.

Kwana goma sha tara da suka wuce muka hau saman dutse, inda ƙanƙara ba ta narkewa, don gwaji. Kin san yadda ake yi. A rufe saman kowane siki da baƙin salatif, a sa masa lamba, mai tsere ta sauko ba ta san na wa ta taka ba, agogo ya yi hukunci. Egon da kansa ya haɗo kala huɗu, ya liƙe su a garejinmu, ya rubuta lambobin da farin fenti. Priska ta sauko sau uku a kan kowanne. Lamba uku ya fi sauran sauri da kusan rabin daƙiƙa, kowane zuwa. Ta tsaya tana haki tana dariya, ta ce, "Baba, wannan kamar yana jin maganata." Kocinta ya ɓare salatif ɗin, sai ga tambarin kamfanin bayan dutse, abokan hamayyar su Egon.

Egon ya loda kaya muka sauko. Tun ranar, da ya dawo aiki sai gareji, yana wasa gefen lamba ɗaya don ya yi kaifi, na masana'antarsu, mai taurin ƙofar coci. Lamba uku na jingine a kusurwa kamar baƙon da aka manta a ba ruwa. Priska ta koma atisaye a kan lamba ɗaya ba tare da kowa ya ce mata ta koma ba. Sau biyu ya yar da ita. Yanzu da ƙullin ƙanƙara a gwiwar hagu take cin abinci, in na buɗe baki ta ce, "Mama, ki bari, zan saba da shi."

Ranar Lahadi surukata Notburga ta zuba mata miyar sha'ir, ta ce, "Ta yi miki, ko in aika bayan dutse a kawo wadda ta fi sauri?" Aka yi dariya. Egon ya kalli cokalinsa.

Na karanta duk littafin da muke da shi a kan jijiyar gwiwa, da hotunansu. Na san 'yan mata uku a layinmu da suka yi bazara suna dogara sanda saboda gwiwa. Jiya na tsinci kaina a gareji da zarto a hannu, ina kallon lamba ɗaya, ina auna daga inda zan fara. Kuma tunda ba ki san ni ba, bari in faɗi gaskiya. Ni ba 'yar kwarin nan ba ce, har yau 'yar birni suke ce mini, kuma akwai wani sashe na zuciyata da ke son ganin fuskar Notburga ranar da jikarta za ta ci tsere a kan tambarin abokan gaba.

In ɗauki yarinyata da lamba uku in kai ta tseren da kaina, ko in zauna ina jiran gwiwarta ta yanke mana hukunci?

Wadda ta ƙoshi da shiru,
daga Tirol

*

'Yar'uwa,

Ki mayar da zarton inda kika ɗauko shi.

A kan siki, kina da gaskiya. Siki mai tauri sai mai nauyin da zai lanƙwasa shi. Yarinyar da ba ta iya lanƙwasa shi, ba ita ke tuƙa shi ba, shi ke tafiya da ita, kuma gwiwa ce ke biya. Likita ya duba gwiwar nan cikin makon nan, kada ta sake taka lamba ɗaya kafin nan. Sai dai gwajin yini ɗaya bai gama magana ba. A maimaita a kan daskararriyar hanya irin ta ranar tsere, a sa har da wani mai laushi daga masana'antar su Egon, don ba kala ɗaya suke yi ba. Wanda agogo da ƙafarta suka yarda da shi, shi ne nata.

A kan mijinki kuwa, ki sake karanta wasiƙarki, tunda karatu sana'arki ce. Wa ya haɗo kala huɗun? Wa ya liƙa salatif? Priska ba ta san abin da ke ƙarƙashin lamba uku ba, kocinta bai sani ba, amma Egon ya sani. Wanda ke son masana'antarsa ta ci ko ta halin ƙaƙa, nasu huɗu zai kawo. Shi kuwa ya nemo na abokan hamayya ya sa a gaban 'yarsa, kuma kwana goma sha tara bai mayar da shi ba. Ban ga mutumin da ke hana ta ba. Na ga mutumin da aikin hannunsa ya faɗi a gaban 'yarsa, yana ƙoƙarin ceto shi da wasa gefe, yana tunanin yadda zai haɗa ido da abokan aikinsa. Laifinsa shi ne bai lura yarinyar ta ɗauki shirunsa a matsayin umarni ba.

In kika kai ta tseren a bayan idonsa, za ta sauko daga dutsen nan tana waiwaye, mai waiwaye kuwa ba ta shiga huɗun farko. Notburga ki bar ta. Ko wane tambari jikarta ta taka, za ki same ta a ƙarshen hanyar tsere tana kaɗa ƙararrawar shanu cikin 'yan kallo tana yi mata murna.

Ki shiga garejin da hannu biyu babu komai. Ki gaya masa sau nawa Priska ta faɗi, da dalilin da ya sa ta koma kan lamba ɗaya. Sannan ki tambaye shi me ya sa ya saka lamba uku a gwajin, ki yi shiru har ya gama amsawa. In ya gama, ki miƙa masa lamba ukun ya wasa gefensa da hannunsa, Priska na tsaye tana gani.

Allah ya ba gwiwar lafiya, ya sauko miki da Priska da sauri kuma a tsaye.

Walburga