Rasuwar Ustaza Suhaila Zubair, da Roƙonmu ga Matan da Ta Tsaya wa

Cikin alhini da sallamawa ga hukuncin Ubangiji, Kwamitin Mafaka mai taimakon mata a kan shari'ar zama a Madina ya samu labarin rasuwar lauyarmu kuma 'yar'uwarmu, Hajiya Ustaza Suhaila, 'yar marigayi Shaikh Zubair Hausawi, wadda Allah Ya yi wa cikawa bayan jinyar da ta daɗe tana ɓoye mana. An sallace ta a Masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, aka kai ta Baƙi'a. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

A al'ada, nan ne ya kamata mu jero waɗanda marigayiya ta taimaka, sai dai irin aikinta ba ya ɗaukar suna. Matan da suke zuwa mata su ne waɗanda iƙamarsu, wato izinin zama, take hannun mijin da yake dukansu, in sun buɗe baki ya ce ba zai sabunta ba. Akwai 'yan aikin gida da aka keta wa haddi, sannan aka riga su kai ƙara cewa sun gudu, da uwayen da suke haƙuri da azaba don kada a raba su da 'ya'yansu. Ta tsaya musu a mahkama, wato kotu, da ofishin jawazat mai kula da fasfo da izinin zama, ba ta taɓa karɓar ladan aiki a hannun ɗaya daga cikinsu ba. Wasu ta ci musu nasara, wasu kuwa da aka kora ƙasashensu ta raka su filin jirgi ta dawo ta kasa cin abinci.

A nan aka haife ta, Larabci ya fi zama a bakinta, amma ta ƙi yarda mace ta faɗi abin da aka yi mata da harshen aro. Ta zauna ta gyara Hausarta a wajen su kansu matan, 'yan Kano da 'yan Nijar da na Sudan da Chadi, suna yi mata dariya tana maimaitawa. Takan ce mace ta sha wuya da Hausa, a bar ta ta faɗa da Hausa, fassara aikinmu ce.

Akwai abin da ba mu so sanyawa cikin ta'aziyya ba, amma ya zama dole. Tun da aka fara zaman makoki a gidansu da ke unguwar Harra ta Yamma, iyalai sun shaida mana wani mutum da ba a sani ba ya zauna ɓangaren maza, ya karɓi gahawa, yana tambayar su waye suka shiga wajen mata. Wallahi mun gaji, ba mu zaci sai mun tsare ƙofar makoki ba. Muna roƙon masu zuwa kada a ɗauki hoto, kada a tambayi wata daga ina take, kada kuma a amsa wa mai tambaya.

Ku kuma 'yan'uwa da kuke inda marigayiya ta ajiye ku, mun san zukatanku suna gidan nan, amma don Allah kada ku zo. Shari'unku ba su mutu da ita ba, abokan aikinta za su tsaya a ranakun zama, kuma za mu neme ku ta hanyar da kuka sani. Mun riga mun isar da gaisuwarku ga iyalanta ba tare da ambaton kowa ba, sun karɓa, sun ce ku yi mata addu'a daga ɗakunanku, ta fi musu ganin fuskokinku.

Muna miƙa ta'aziyya ga maigidanta, Alhaji Sharfuddeen Osman, da 'ya'yanta Umair da Wafa, waɗanda suka yi shekaru suna rabon mahaifiyarsu da matan da ba su san sunayensu ba. Allah Ya ba su haƙuri da juriyar wannan rashi, Ya jiƙan Ustaza Suhaila, Ya suturta ta kamar yadda ta suturta bayinSa.

Hajiya Ikilima Abdulsalam
Kakakin Kwamitin Mafaka, Madina