Filogi Mai Kunne

Litinin, 3 ga Maris

Yau an kira ni daga ma'aikatar sufuri. Ni fa. Wai gwamnati za ta kafa wuraren musayar batir a kowace tasha, mai babur ɗin lantarki ya ajiye wanda ya ƙare, ya ɗauki cikakke ya wuce. Matsalar ita ce kowane kamfani da irin filoginsa, batirin wannan ba ya shiga babur ɗin wancan. Suna so a zauna a fitar da ƙa'ida ɗaya da kowa zai bi, kuma an sa ni a kwamitin. Na ce wa mai kiran zan duba lokacina, sai ka ce wata mai tarin tarurruka. Ina ajiye wayar na fita tsakiyar shago na tsaya ina murmushi ni kaɗai, har ma'aikatana suka daina ɗaure batir suna kallona.

A ma'aikatar nan aka taɓa barina a kan benci wuni guda, da zane a hannuna, ba wanda ya ce in shigo. Ban manta ba, kuma ba ni da niyyar mantawa.

Alhamis, 6 ga Maris

Na je na gaya wa Yaya. Ya ce, "Ke dai tun kina ƙarama kike kwance rediyon mutane, yanzu ga shi gwamnati ta ba ki nata." Na ce ai saboda kai aka san ni. Ya ce shi kam ba a taɓa biyansa ladan hannunsa ba.

Gaskiya ne kuwa. Tun da ya yi haɗarin nan hannunsa na dama ya ƙi ƙarfi, tsohon filogi kuwa sai da hannu biyu da ido. Ran nan ya sa shi a juye, batir ya yi tartsatsi ya ƙone masa yatsa, ya zauna a gida yana cewa ya bar sana'ar acaɓa. Raina ya ɓaci sosai. Na ɗauki roba na yi ta goga, na fitar masa da ɗan kunne a gefe, yadda babban yatsa zai laluba ya same shi, kuma ta hanya ɗaya tak zai shiga. Masu babur ne suka sa masa suna mai kunne, ba ni ba. Duk garin nan babu filogin da ya kama ƙafarsa, ba yabon kai ba ne.

To, yabon kai ne kaɗan.

Laraba, 12 ga Maris

Zaman farko. Dogon teburi, fanka mai ƙara, ruwan gora da ba sanyi. Darakta ne ke jan zaman, mutum mai magana a hankali kamar yana auna kowace kalma. Akwai Farfesa daga ɗakin gwaji na jami'a, 'yar ƙaramar mace mai kaifin baki. Sai mu masu ƙera batir. A cikinmu har da Mai Tabarau, wanda shagonsa ke ƙarshen layinmu, mutumin da ban taɓa ganin ƙwayar idonsa ba, ko a ɗaki baƙin tabarau ne. Shekara da shekaru muna ƙwace wa juna masu saye.

Kowa ya ɗora filoginsa a teburi kamar an kawo yara gasar kyau. Farfesa ta juye wani kwali a gabanmu: guntayen wayoyi, soket da aka yanka aka liƙa da salatif. Ta ce wannan ne aikin ɗalibanta, rabin lokacinsu a haɗa batirinmu da na'ura yake tafiya, kuma in sun gama ba sa iya cewa wane batir ya fi wane, don ba hanya ɗaya aka bi aka auna su ba. "Ku kuka hana ni bincike," in ji ta. Za ta gwada filogin kowa da ruwa, da ƙura, da zafi, da sawa da cirewa. Wanda ya tsira shi ne.

Ban ji tsoro ko kaɗan ba.

Alhamis, 13 ga Maris

An ce Mai Tabarau ya ce filogina abin wasan yara ne. Zai gani.

Juma'a, 21 ga Maris

Na je ɗakin gwaji. Akwai wata na'ura da ba ta da aiki sai sa filogi da cire shi, tas, tas, ba gajiya. Wasu sun saki jiki tun kafin a yi nisa. Nawa yana nan daram.

Amma abin da ya fi yi mini daɗi shi ne gwajin mutane. Farfesa ta ɗaure wa masu gwaji ido, ta sa su riƙe hannu ɗaya a baya, ta ce su haɗa. Na Mai Tabarau sai da wani ya yi ta juya shi kamar mai neman bakin allura. Nawa kuwa, yatsa na taɓa kunnen sai ka ji ƙas. Farfesa ta juyo ta ce, "Wa ya koya miki wannan?" Na ce hannun yayana. Ta rubuta wani abu, na ga bakinta ya motsa kamar za ta yi murmushi.

Na dawo shago ina tafiya kamar ƙasa tawa ce.

Talata, 1 ga Afrilu

Ashe da sauran magana.

Darakta ya kira ni gefe bayan zama. Siffar filogina ce a gaba, in ji shi. Amma in aka ɗauke ta ta zama ƙa'ida, za a buga zanen kowa ya gani, kowa ya ƙera ba tare da ya nemi izinina ba. Har Mai Tabarau. Har wanda bai taɓa zufa a kai ba. Na ce sunana fa? Ya ce, "Injiniya, ƙa'ida lamba ake ba ta, ba sunan mutum ba." Na ce in na ƙi fa? Ya ce ba mai tilasta mini, sai dai za a ɗauki na biyu, kuma duk mai son batirinsa ya shiga tasha dole ya koma wancan.

Na biyun na Mai Tabarau ne.

Wato ko in ba kowa abina kyauta, ko in cire kunnen da hannuna in sa na mutumin da ya kira shi abin wasa. Wannan wace irin girmamawa ce?

Laraba, 9 ga Afrilu

Kwanakin nan ko shagon ba na jin daɗinsa. Na yi wa mai walda faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba, sai da na koma na ba shi haƙuri.

Yaya ya biyo da rana. Na zazzage masa komai, ina jira ya taya ni fushi. Ya yi ta juya makullin babur a hannunsa mai lafiya, can ya ce, "Ƙanwata, in aka ɗauki wancan, ni da hannu nawa zan riƙa sawa?" Na ce ai kai zan riƙa yi maka naka daban. Ya ce to a tasha fa, wa zai ba shi batir mai kunne? Ya ce akwai wani a tasharsu da yatsunsa biyu suka tafi a injin niƙa, kullum sai ya roƙi wani ya haɗa masa, don babur ɗinsa na wani kamfani ne. Bai ƙara ba. Yaya ba ya wa'azi, shi ya sa maganarsa ke zama a ciki.

Na dai ji haushi da bai goyi bayana ba.

Talata, 22 ga Afrilu

Ba na son rubuta wannan, amma littafina ne.

Gwajin zafi. An sa filogan a akwati mai zafi irin na babur da ya wuni a rana yana aiki. Robar nawa ta yi laushi, kunnen ya ɗan karkace. A gaban kowa. Na Mai Tabarau ko gezau. Na ji kamar in shige ƙarƙashin teburi. Ban taɓa sani ba, don ban taɓa samun akwatin da zan gwada haka ba, kuma da ya faru a kan titi da wani na kai, ban san me zan ce ba.

Farfesa ta ce magana a fili take: siffa tawa, roba ta Mai Tabarau. Kowa ya san yadda yake ɓoye haɗin robar nan, ko ma'aikatansa ba su san shi duka ba. Duk aka juya ana kallonsa. Sai mutumin nan ya cire tabarau, ya goge da gefen riga. Idanunsa ƙanana ne, na gajiyayye. Ya ce, "In Injiniya ta ba da kunnenta, na ba da robata."

Ya riga ni. Wannan ne ya fi ƙona mini rai.

Litinin, 5 ga Mayu

Na sa hannu. Na ba da kunnen, a rubuta wannan.

Alhamis, 29 ga Mayu

Na ɗauka daga sa hannu an gama. Ina! Yanzu ake yi. Mun kwashe zama guda muna gardama a kan kaurin kunne, wani yana so a rage don ya tsimi roba. Na miƙe tsaye na ce wanda ya rage shi ya zo ya sa safar hannu ya laluba mu gani. An bar shi yadda na ce. Mai Tabarau ya ɗaga hannu ya goyi bayana, na yi kamar ban gani ba.

Farfesa ta mayar mini da zanena har sau nawa. Wai na rubuta "a goge gefen ya yi santsi," santsi kamar yaya? Ta ce in rubuta yadda wanda bai taɓa ganina ba, a garin da ban taɓa zuwa ba, zai ƙera ya dace da nawa. Na ce ni a hannu nake ji. Ta ce hannunki ba zai je can ba. Matar nan tana ba ni haushi, kuma ina son ta.

Asabar, 19 ga Yuli

An buga. Lamba ce da haruffa, ba sunana ko a ƙasan shafi. Na duba.

Asabar, 23 ga Agusta

A kasuwa na ga filogi mai kunne na wani kamfani da ban taɓa jin sunansa ba. Na saya na kawo shago, na kulle ƙofar ofis, ina fatan ya ƙi shiga in samu abin faɗa. Na sa a batirina. Ƙas. Kamar a hannuna aka haife shi.

Na zauna ina kallonsa. Ban san ko fushi nake ba.

Wani abu dai: tun da ba sai na ƙera wa kowane babur nasa ba, na samu kai na koma kan batirin nan mara nauyi da na daɗe da ajiyewa. Yanzu duk babur ɗin da ke gari zai ɗauke shi. Masu saye da ba su taɓa taka shagona ba sun fara leƙowa, ciki har da na Mai Tabarau. Ba zan yi ƙarya in ce ban ji daɗi ba.

Alhamis, 18 ga Satumba

Na raka Yaya asibiti gashin hannu. Muna shiga aka ɗauke wuta. Na ce shi ke nan, yau ma a dawo gobe. Sai ma'aikaciyar ta jawo wata na'ura ƙarama mai motsa yatsu, ta ce wasu ɗalibai ne suka ƙera, da batirin babur take aiki, in ya ƙare a aika tasha a musanya. Ta ɗauko batir. Na Mai Tabarau ne, na gane shi tun daga nesa. Tana neman inda za ta ajiye takardun hannunta, sai Yaya ya miƙa hannun nan nasa mara ƙarfi, ya laluba, ya haɗa. Ƙas. Na'ura ta tashi.

Ta ce, "Baba, ashe ka iya." Ya ce ya ɗan saba. Ta ce ai filogin yanzu daɗi gare shi, har injin iskar numfashi na ɗakin yara an mayar irinsa, ko wa ya ƙirƙiro shi oho, na kowa ne.

Na buɗe baki. Wallahi maganar ta zo har kan harshena. Yaya ya kalle ni yana jira, da murmushin nan nasa na tsokana. Ni kuma ina kallon yatsunsa suna buɗewa suna rufewa a cikin na'urar da ban ƙera ba, ban ma taɓa tunaninta ba. Sai na ce mata, "Eh, yana da kyau."

A hanya ya ce, "Yau lafiya kuwa? Ƙanwata ta ga wurin yabon kai ta wuce?" Na ce ya yi mini shiru ya kalli titi.

Asabar, 4 ga Oktoba

Maƙallin da ke riƙe batir a jikin babur yana kwancewa a hanya mai gargada, na kowa haka yake yi. Na fitar da wani sabo, mai kyau ƙwarai, ban gama ba tukuna. Da can sai in kulle shi a durowa har sai na fito da shi kasuwa.

Da safe na tura wa Farfesa zanen ta sa a akwatin zafinta. Na tura wa Mai Tabarau ma, don kawai kada ya je ya ƙera wani shirme ya ɓata mana lokaci a kwamiti, ba don komai ba. Ya kira ya ce gefen hagun ya yi siriri. Na ce bai san abin da yake faɗa ba.

Na ƙara masa kauri.