Zobe Biyu a Wutsiya Ɗaya

Litinin, 3 ga Maris
Na fara aiki a ɗakin gwaje-gwaje. Wata uku za a gwada ni, sannan a ga ko zan zauna. Umma ta tambayi mene ne saiklodekstirin ɗin nan da nake aiki a kansa. Na ce zoben sukari ne da ido ba ya gani: bayansa na son ruwa, cikinsa ba ya so. Ƙwaya mai wutsiyar sinadarin fulorin tana gudun ruwa, sai ta zura wutsiyar cikinsa ta ɓuya. Aikina in gano zobe nawa ke hawa kowace wutsiya. Ta ce, "Duk karatun nan, ashe zobe za ki ƙirga."

Alhamis, 13 ga Maris
Farfesa, wadda nake aiki a ƙarƙashinta, ta riga ta rubuta a takardar taron masana cewa zobe ɗaya ne. Awona ya nuna biyu. Na busar da hodar zoben tukuna, don tana riƙe danshi. Na sake komai daga farko. Biyu.
Yau ma daga bakin titi na koma duba ko na kashe murhun busarwa. A kashe yake, kamar kullum.

Juma'a, 14 ga Maris
Biyu.

Talata, 18 ga Maris
Na nuna wa Dogo, babbanmu a ɗakin. "Ƙanwata, daga zuwanki za ki gyara wa Farfesa zama? Ranar sallamarki kar ki ambaci sunana." Yana dariya, amma ya daɗe yana kallon zanen awon.
Ba awon nake shakka ba. Wutsiyar doguwa ce, da wurin zobe na biyu. Bakina nake shakka. Jibi Farfesa take tura takardar.

Laraba, 19 ga Maris
Na faɗa wa Farfesa. Ta cire tabarau. "Kin tabbata?" Na ce, "Na tabbata, ranki ya daɗe." Ta ce in gwada gajeriyar wutsiya, in tsawo ne dalili, ita ɗaya za ta ɗauka. Ta dakatar da takardar. Ko murmushi babu.

Litinin, 24 ga Maris
Gajeriyar ɗaya, doguwar biyu. Farfesa ta ce in gyara rubutun da hannuna, ta kuma tambayi me nake so in gwada bayan wata ukun. Bayan! Dogo ya raɗa mini suna Zobe Biyu.
Sai da na cire takalmi a gida na tuna ban koma duba murhu ba. Gajiya ce, ina jin.