Ƙoƙon da Ke Jirana a Gidan Mahaifinki

Zuwa ga Afiniki, sarauniyar 'yan matan Fadan Kagoma, ruwan da ke zubowa daga dutsen Matsirga a tsakar zafin rana, ɗanyar citta mai yaji da ƙamshi, wadda muryarta ke sa mawaƙan majami'a su manta baitinsu,

Gaisuwa mai nauyin dutsen Kagoro daga fursunanki Azariya, wanda ke tsare a ɗakinsa a Kafanchan ba tare da wani alƙali ya yanke masa hukunci ba.

Ya hasken idona, Kirsimeti ta iso, ta kuma yi mini ƙawanya! Ta gabas, Gwaggo Martina ta ɗora tukwanen burkutu daidai bayan tagata, tururin yana shigowa ba sallama kamar ɗan gida. Ta yamma, abokaina sun dawo hutu daga Abuja, suna ta matsa hon a ƙofa, har sun naɗa mini sarautar Fasto don na ƙi fita. In na gudu majami'a, sujada takan ƙare, hanyar komawa gida kuwa ta bi ta gaban rumfar giyar da ta sha ganin ana kwashe ni kamar buhun masara. Ina zan sa kaina? Akuyar da aka ɗaure a turke don biki ma ta fi ni 'yanci, ita dai ba wanda ke miƙa mata ƙoƙo!

Kin tuna ranar da na same ki kina tsaga citta a kan fa, a makon da na daina sha? Hannuwana suna rawa kamar ganyen ayaba, na cusa su cikin aljihu, ina ta zuba miki manyan kalmomi don kada ki lura. Kin lura. Sai kika miƙo mini wuƙa, kika matsa mini wuri. Na ɓata cittar mahaifiyarki da yawa a ranar, ke kuwa kina tsince ta kina gyarawa har rana ta faɗi. Wace mace ce ke ba mai rawar hannu wuƙa, in ba wadda ta yarda zai warke ba?

To, ya sanyin zuciyata, ga babbar ƙawanyar. Washegarin Kirsimeti ni da kawunnaina za mu zo gaban mahaifinki, Baba Zamani, neman aurenki, ɗauke da tulun burkutu. Ke kika faɗa mini cewa a gidanku mai neman aure ne ke fara kurɓa a gaban dattawa, kafin mahaifinki ya saurari magana. In na ƙi, na raina shi a tsakar gidansa. In na sha, na san kaina: ban taɓa sanin kurɓi ɗaya ba. Na farko ne kawai nake sha da kaina, sauran su suke shan ni.

Kawu Eli, masanin dabarun duniya, ya ce in taɓa leɓe kawai, ko in ce gyambon ciki ne likita ya hana. Leɓena ba shi da amana, Afiniki. Kuma ba zan shiga gidanku ta ƙofar ƙarya ba.

Saboda haka nake durƙusawa, da gwiwoyin da ba su saba ba. Ki sami Baba tun kafin ranar, lokacin da yake shi kaɗai, ki faɗa masa gaskiya tsirararta: giya ta taɓa kayar da ni, na tashi da taimakon Ubangiji, kuma har yau ina tsoronta. Na san abin da nake ɗora miki. Wataƙila ya ce 'yarsa ta fi ƙarfin tsohon mashayi.

A ranar zan karɓi ƙoƙon da hannu biyu, in sunkuyar da kai, in ajiye shi a gabansa cike kamar yadda aka ba ni. In ya ce mu koma da tulunmu, za mu koma, in dawo baɗi da hankalina. Gara ki jira ni shekara guda a gidan mahaifinki da ki aure ni ki riƙa jirana kullum a bakin ƙofa.

Naki, ko an karɓe ni ko an kore ni, har ranar da ruwan Matsirga zai koma gudu sama,

Azariya