Goron da Kika Mayar Mini a Jiƙe

Zuwa ga Hajiya Kulsumu, inuwar tsamiya a tsakiyar bazara, ruwan randa ga wanda ya sha tafiya, kuma ƙayar da ta fi kowace ƙaya daɗewa a tafin ƙafata. Gaisuwa mai yawa, ko da yake ba ki cancance ta ba.

Kwandon goron da na kai miki Shinkafi ya dawo mini Ƙaura a bayan mashin, kamar kayan da suka yi kwantai. Ashe haka kike saka wa dattijo? Ban manta da ranar da na kai shi ba. Ina zaune a zaurenku, ɗanki Yazid ya dube ni a gaban abokansa, ya ce da Turanci wai ni "dogged" ne, suka bushe da dariya. Na jiyo taki dariyar daga bayan labule, ya ke mai muryar kurciya da zuciyar dutse!

Na koyar da Turanci tun ba a haife shi ba. Daga sunan kare aka ciro kalmar, na kuma san abin da yaron ya nufa ke nan. Amma masu harshen ba sa zagi da ita. Mai haƙar rijiyar da ya tarar da marmara ya ƙi fitowa suke faɗa wa, da irin manomin Zurmi da aka kora daga gonarsa ya koma ya sake shuka. Naci ne wanda bai san gajiya ba. Na karɓi sunan.

An ce Wakili na Moriki yana taƙama da shanunsa a ƙofarki. Shi ne zai bi hanyar da direbobi ke tsoro dominki? Mutumin da ko ta'aziyyar mijinki aike ya yi? Kin fita takaba, ke ba yarinya ba ce. Bakinki ne zai yanke, ba na Yazid ba. Me ya hana ki fito ki ce mini a'a?

Sai dai kin yi kuskure, ya azzalumar zuciyata. Da na kwance kwandon, na tarar an sauya ganye, an yayyafa ruwa, an tsince waɗanda sankara ta taɓa. Yazid bai iya wannan aiki ba. Da kin ƙi ni, da kin bar goron ya bushe.

Ranar Alhamis, ranar kasuwarku, ina tafe da goron nan dai. Ki kore ni da bakinki, ko ki aiko a karɓa.

Naki, har ranar da za a kwantar da ni ina fuskantar alƙibla,
Malam Sha'aibu,
Ƙauran Namoda.